Yadda Ake Sayen Sabon Babur Roba-Roba da Koyon Hawansa, Daga Shagon Dila Zuwa Kan Kwalta

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Najeriya, magidanta da yawa suka jingine motocinsu suka koma neman ƙaramin babur, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai kuma suka lissafa abin da suke ba mai adaidaita sahu a wata suka ga gara su mallaki abin hawansu. Lissafin daidai ne, domin ƙaramin babur mai injin 110 ko 125 yakan yi tafiyar kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya idan injinsa lafiya lau yake. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauka cewa da an biya dila an karɓi makulli magana ta ƙare. Saye da rajista da kayan kariya da koyo duk aiki ɗaya ne, kuma wanda ya zuba kuɗinsa kaf a kan na farko, sauran ukun za su zo su same shi a lokacin da bai shirya ba.

Mataki na farko: sanin irin babur ɗin da kake nema

Abin da ake kira roba-roba a kasuwa iri biyu ne, kuma duk da cewa dukansu suna sanye da rigar roba, suna da wurin zura ƙafa ta gaba ba tare da an ɗaga ta sama ba, cikinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne mai giya a ƙafa, wanda ya samo asali daga Super Cub na kamfanin Honda da ya fito a 1958, wanda kamfanonin Sin irin su Lifan da Jincheng da Haojue suka yi ta kwaikwayon fasalinsa. Tayoyinsa manya ne, masu inci 17, yana da giya huɗu da ake takawa da ƙafar hagu, ba shi da hannun kuloci domin kulocinsa yana kama kansa da kansa, kuma sarƙa ce take juya tayarsa ta baya. Na biyu shi ne sikuta na ainihi, jikan Vespa da kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, wadda iyayenmu suka sani da Basfa. Na zamani ba shi da giyar da ake sakawa ko kaɗan, totur kawai ake murɗawa ya tafi, bel ne a cikin wani akwati yake aikin da sarƙa da giya suke yi, tayoyinsa ƙanana ne masu inci 10 zuwa 12, yana da shimfiɗaɗɗen wurin ajiye ƙafa da ma'ajiya a ƙarƙashin kujera.

Hanyar unguwarku ce za ta raba wannan gardama, ba kyan launi ba. Ƙaramar taya tana faɗawa cikin rami ta gigita mai tuƙi, tana nutsewa a rairayi, kuma cikin sikuta yana kusa da ƙasa, saboda haka tudun rage gudu da bakin kwalbati suna yawan gurzarsa. Wanda zai riƙa bi ta lungu mai ramuka ko hanyar da takan zama taɓo da damina, mai manyan tayoyi ya fi dacewa da shi. Wanda tafiyarsa duk a kan kwalta take, daga gida zuwa ofis, musamman idan yana sa babbar riga ko kuma mace ce mai zani da hijabi, sikuta ya fi ba shi sauƙi da tsabta.

Akwai tambaya guda da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ba dila ake yi wa ita ba. Ka je wurin bakaniken babura na unguwarku tun kafin ka taka kasuwa, ka tambaye shi wane iri ne yake da kayan gyaransa a kusa, wane ne kuma yake kwana a garejinsa ana jiran a aiko da wani ƙarfe daga Legas ko Nnewi. Kusan kowane bakanike ya san injin mai giya a ƙafa ciki da waje, amma ba kowa ne ya iya buɗe akwatin bel ya mayar da shi daidai ba. Babur mai kyau wanda babu mai gyaransa a garinku ado ne kawai.

Mataki na biyu: lissafin kuɗi

Farashi yana bin dala, kuma abin da aka faɗa maka a wannan makon ba lalle ne ya kai mako mai zuwa ba, don haka ka zaga shaguna uku ko huɗu a rana guda ka kwatanta. A kowane shago ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da ladan haɗawa da batir da madubai, domin sabon babur a kwali yake zuwa, a nan kasuwar ake ɗaura masa tayar gaba da kai da sauran tarkace. Idan dillali ne ya kai ka, ka san cewa la'adarsa daga aljihunka za ta fito ko da ba a faɗa ba.

A kan kuɗin babur ɗin sai ka ɗora kuɗin lamba da takardu, da inshora, da lasisin tuƙi, da hular kwano, da kwaɗo ko sarƙar kullewa, da baƙin mai na juye biyu na farko. A ganina, duk wanda kuɗinsa ba su isa babur da waɗannan gaba ɗaya ba, gara ya sauko zuwa samfurin da ya fi araha ko ya ƙara haƙuri wata guda, da ya sayi mai tsada ya hau shi kai ba hula, baya ba lamba.

Mataki na uku: ranar saye

Ka tafi da mutum biyu idan da hali: bakaniken da ka yarda da shi, da wanda ya ƙware a tuƙi wanda zai kawo babur ɗin gida. Kada ka kuskura ka ce kai za ka tuƙo shi daga kasuwa alhali ba ka iya ba, domin bakin kasuwa shi ne wuri mafi cunkoso a gari, kuma zumuɗin sabon abu ba ya barin mutum ya natsu.

Ka nemi a buɗe kwalin a gabanka. Wannan ne kaɗai zai tabbatar maka cewa sabo ne dal, ba wanda aka hau aka wanke aka mayar da mitarsa baya ba. Yayin da ake haɗawa kada ka tafi shan shayi, ka tsaya bakanikenka ya sa ido, domin masu haɗawa da yawan abin da suka haɗa ake biyansu, sauri suke yi, kuma notin da aka bari sako-sako a tayar gaba ko a kan babur ba ya nuna kansa sai ana cikin tafiya. A bi notin tayoyi da na birki da na salansa ɗaya bayan ɗaya da sifana. A duba baƙin mai da ma'auninsa kafin a tayar da inji ko sau ɗaya. A gwada fitilar gaba babba da ƙarama, da sigina ta kowane ɓangare, da fitilar birki, da oda, da sitata, da kik. A juya kowace taya a ga ko tana rawa ko birki yana kama ta. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1524 na nufin mako na 15 a shekarar 2024, kuma wannan zai nuna maka ko babur ɗin ya daɗe a sito.

Sai maganar rasit, wadda ita ce ginshiƙin mallakarka. A jikin ƙarfen babur akwai lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, a jikin inji kuma akwai tasa lambar daban. Ka durƙusa da kanka ka karanta su, ka kwatanta da abin da aka rubuta a rasit harafi bayan harafi, domin kuskuren alƙalami guda ya isa ya sa a tsare ka a shingen bincike a matsayin wanda ake zargi da hawa babur na sata. Rasit ɗin ya kasance mai ɗauke da sunan shago da adireshinsa da hatiminsa, da cikakken sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka na ɗan ƙasa, da samfurin babur da launinsa da kwanan wata. Ka karɓi makulli biyu, da ƙaramar jakar sifanu, da littafin bayanin babur, wanda mutane da yawa suke bari a cikin kwali a zubar da shi alhali a ciki aka rubuta yawan iskar taya da irin mai da lokacin juye. Idan an ce akwai garanti, a rubuta tsawonsa da abin da ya ƙunsa, kada ya tsaya a baki. Da ka isa gida ka ɗauki hoton rasit da lambobin nan biyu a waya, ka yi kwafi, ka adana na ainihin a inda kake ajiye takardun gida.

Mataki na huɗu: takardu

Rajistar babur da lambarsa a ofishin lasisin ababen hawa na jiha ake yi, wanda galibi yana ƙarƙashin hukumar tattara haraji. Za ka fito da lamba da takardar shaidar mallaka da lasisin abin hawa wanda ake sabuntawa kowace shekara. Ka shiga ofishin da ƙafarka ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, domin masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa za su gama maka cikin awa ɗaya su ne tushen yawancin takardun bogi.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ba wadda ke gyara naka babur ba. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta sanya kuɗinta a kan naira 3,000 a shekara ga babur a farkon 2023, kuma ana iya tantance sahihancin takardar a rumbun bayanan inshora na NIID ta intanet da lambar babur ɗin. Lasisin tuƙi kuwa, na babur shi ne rukunin A, ana ba wanda ya kai shekara 18, kuma sai an bi ta hannun jami'an VIO masu gwaji da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda ke ɗaukar hoto da zanen yatsu. Lasisin mota bai wadatar ba, ko da mutum ya shekara ashirin yana jan mota.

Ka kuma bincika dokar jiharku a lokacin da kake saye. A Kano an hana acaɓa tun watan Janairun 2013, jihohi irin su Zamfara da Katsina da Neja kuma sun sha taƙaita zirga-zirgar babura a wasu yankuna ko wasu sa'o'i saboda matsalar tsaro. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, kuma jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko takwaransa na wata jiha ba zai karɓi rashin sani a matsayin uzuri ba.

Mataki na biyar: abin da za ka sa a jikinka

Lokacin da aka fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga masu babura a Kano sun kifa ƙwarya a ka suna wucewa gaban jami'ai, abin ya zama abin dariya har a kafofin labarai na waje. Dariyar ba ta canza alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ba, waɗanda suka nuna cewa sa hula yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, yana rage raunin kai da kashi 69 cikin ɗari. Hular da ake nufi ita ce mai kaurin soso mai tauri a ciki, wadda ta kama kai ba ta juyawa idan ka girgiza shi, kuma aka ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa har yatsa biyu kawai ke iya shiga. Hular magina ba hular babur ba ce, kuma wadda ba a ɗaure ba takan riga mai ita isa ƙasa. Mai gilashi a gaba ta fi, saboda ƙurar hunturu da ƙwarin magariba. Hular da ta taɓa buguwa da ƙarfi a haɗari ta gama aikinta ko da ba a ga tsagewa ba, shi ya sa ba a sayen ta hannu.

Takalmi ya kasance rufaffe, domin silifa tana zamewa daga kan birki, kuma yatsun ƙafa su ne farkon abin da ke taɓa kwalta. Safar hannu tana da amfani, tunda duk wanda ya faɗi tafin hannu yake kaiwa ƙasa. Sai abin da littattafan da aka rubuta a ƙasashen da ake ƙera baburan nan ba sa ambata: tufafinmu. Hannun babbar riga da bakin zani da jelar hijabi ko gyale suna iya shiga sarƙa ko tsakanin wayoyin tayar baya, kuma idan suka shiga, fizgo mutum suke yi ta wuya ko ta kafaɗa. A naɗe riga a zauna a kanta, a tattaro hijabi a cusa a gaba, kuma kada a yarda wani bakanike ya cire murfin sarƙa ya ce ba shi da amfani.

Mataki na shida: koyo a fili

Ka nemi fili mai faɗi mai ƙasa mai tauri, kamar filin idi ko harabar makaranta a ranar da babu ɗalibai, da sassafe kafin yara su fito ƙwallo. Malaminka ya kasance mai haƙuri, ba abokin da zai riƙa yi maka dariya ko ya nuna maka yadda ake ɗaga tayar gaba ba.

Darasin farko ana yin sa ne inji a kashe. Ka tsaya a hagun babur, ka riƙe kansa da hannu biyu, ka tura shi gaba da baya, ka juya shi, kana tsayar da shi da birkin hannun dama, har ka san nauyinsa da inda yake rinjaya. Ka koyi kafe shi a ƙafar gefe da ta tsakiya. Ta tsakiya da taka ta ake yi da nauyin jiki, ba da ƙarfin hannu ake ɗaga babur ba. Sannan ka zauna ka haddace wurin kowane abu har ka iya taɓa shi ido a rufe. A dukan nau'o'in biyu totur da birkin gaba suna hannun dama. Birkin baya kuwa, a sikuta yana hannun hagu, a mai giya kuma yana ƙarƙashin ƙafar dama. Wanda ya saba da babur mai kuloci ya kula sosai a nan, domin abin da hannunsa na hagu ya saba matsewa a matsayin kuloci, a sikuta birki ne.

Riƙon totur shi ne inda yawancin masu koyo suke cin ƙasa a ranar farko. Idan ka ɗora hannu wuyansa yana sama, da babur ya zabura jikinka zai koma baya, hannun ya ƙara murɗa totur ba da saninka ba, babur ya ƙara zabura, sai a tsinci mutum a jikin katanga. Maganin abin shi ne wuyan hannu ya kasance daidai da totur ko ƙasa da shi kaɗan, riƙon kuma ya zama sassauƙa. Ka sa a ranka cewa duk lokacin da ka rikice, abu biyu za ka yi a jere: ka mayar da totur, ka kama birki.

Sikuta ba ya tashi da sitata sai an matse birki ɗaya, kuma da zarar ya tashi a shirye yake ya tafi, don haka ba a murɗa masa totur don jin ƙara. Mai giya kuwa, ka tabbata koriyar fitilar furi, mai nuna cewa ba ya cikin giya, tana kunne kafin ka tayar, sannan ka taka giya ta ɗaya totur a rufe. Daga nan ka buɗe totur kaɗan kaɗan har babur ya fara tafiya, ka yi mita biyar ƙafafunka suna kusa da ƙasa, ka rufe totur, ka tsaya. Ka maimaita wannan sau ashirin ko talatin, ko da ya gundure ka. Bayan haka ka ɗora ƙafafu ka tsawaita tafiyar, idonka yana kallon nesa, domin babur inda ido ya kalla yake zuwa, kuma wanda ya ƙura wa dutse ido yana tsoron kada ya hau shi, shi zai hau.

A mai giya, ana rufe totur kafin kowane canji. A yawancinsu taka gaban sandar giya yana ƙara ta, taka bayanta da diddige yana rage ta. Kada ka rage giya kana cikin gudu, domin tayar baya tana iya cijewa, kuma kada ka manta ka dawo ƙasa idan ka tsaya, in ba haka ba za ka nemi tashi da giya ta huɗu babur ya yi ta kakari a tsakiyar mahaɗa.

Birki ya cancanci kwana biyu ko uku shi kaɗai. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu suna sassauta shi da gangan. Gaskiyar lamarin ita ce idan aka kama birki nauyi gaba yake komawa, saboda haka tayar gaba ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, kuma mai dogaro da na baya kaɗai tayarsa za ta ja ƙasa ya wuce inda ya so tsayawa. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgar birkin gaba farat ɗaya, ko kama shi kan babur yana karkace, ko a kan rairayi. Ana kama biyun tare, a fara a hankali sannan a ƙara matsawa, kamar yadda ake matse lemon tsami. Ka ja layi a ƙasa, ka taho da gudun kilomita 20 ka tsaya a kansa, sannan 30, kana lura da yadda nisan tsayawar yake ƙaruwa. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi.

Daga nan sai kwana. Ka jera duwatsu ko robobin ruwa da tazarar taku shida ko bakwai ka riƙa saƙawa a tsakaninsu, sannan ka yi da'ira ta hagu da ta dama, sannan siffar lamba 8. A tafiyar hankali birkin baya ne abokin aiki, ana ɗan taɓa shi totur yana buɗe kaɗan. A kwana ta sosai kuwa, ana rage gudu tun kafin a shiga, a juya kai a kalli mafita, a bar birki, a fita da totur a hankali. Kada ka bar filin nan sai ka iya tashi ba tare da tangaɗi ba, ka iya tsayawa a kan layi da ƙafar hagu kaɗai a ƙasa, ka iya kunna sigina da duba madubi ba tare da babur ya kauce ba. Ga mafi yawan mutane wannan aikin mako ɗaya ne zuwa biyu, awa guda a kullum, kuma wanda ya iya keke yakan riga wanda bai iya ba.

Mataki na bakwai: shiga titi

Ka fara da layukan unguwa bayan sallar asuba, sannan titi mai sauƙin motoci, sannan hanyar wurin aikinka a ranar hutu, domin ka san ramukanta da mahaɗunta kafin ka bi ta a cikin cunkoso. Shatale-tale da manyan mahaɗu su zo a ƙarshe, tafiyar dare da ta ruwan sama kuma a jinkirta su har hannu ya faɗa.

A dama ake tafiya a Najeriya tun 1972, kuma iyakar gudun babur a cikin gari kilomita 50 ce a awa. A wannan gudun kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, wato kafin hannunka ya kai ga birki ka riga ka wuce tsawon motoci uku. Saboda haka ka bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninka da na gabanka, musamman idan adaidaita sahu ne, wanda yakan tsaya ko ya karya kwana duk inda aka ɗaga masa hannu. Kada ka manne da bakin titi inda rairayi da ƙusoshi suke taruwa, inda kuma ƙofar motar da aka ajiye take buɗewa ba sanarwa. Kada ka shiga gefen tirela ko tanka a kwana, domin direban ba ya ganinka kuma tayoyin bayansa suna yanko ciki. Idan ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Madubi kuma ba ya nuna komai da komai, sai an haɗa da waiwaye kafin a canza hannu. Yawancin siginar babura ba ta kashe kanta, kuma wadda aka manta tana kiftawa ƙarya take yi wa na bayanka. Ruwan farko na damina ya fi kowane santsi, saboda yana taso da man da ya zuba a kwalta duk tsawon rani.

Lokacin da ya fi haɗari ba makon farko ba ne, domin a lokacin tsoro yana tsare mutum. Wata na biyu da na uku ne, sa'ad da tsoro ya tafi amma ƙwarewa ba ta iso ba, mutum ya fara kutsawa tsakanin motoci yana amsa waya da hannu ɗaya. Goyo ma a bar shi sai bayan wannan lokaci, tunda nauyin mutum na biyu yana tsawaita birki yana rage wa kan babur nauyi, kuma ranar da za ka fara, ka koma filin nan da babban mutum a baya, ba da yaro a titi ba.

Mataki na takwas: kula da sabon inji

Sabon inji ƙarafansa ba su gama zama da juna ba, don haka a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko ba a buɗe masa totur har ƙarshe, ba a ɗora masa kaya mai nauyi, ba a kuma riƙe shi a gudu ɗaya na dogon lokaci. Juyen farko ana yin sa da wuri, a inda littafinsa ya faɗa, domin man farko yana fita da ɓurɓushin ƙarfe. Irin wannan inji yakan ci abin da bai kai lita ɗaya ba, saboda haka kada a juye masa galan ɗin lita har ƙarshe, a auna. Ka sayi man da kanka a rufe, ba na awo a kwalba ba. A jikin galan za ka ga alamar JASO da ke nuna rukunin man: mai MA shi ne na babur mai giya, wanda kulocinsa yake wanka a cikin mai, mai MB kuma na sikuta ne. Sikuta yana da wani ɗan mai daban a akwatin tayar baya wanda ake yawan mantawa da shi, bel ɗinsa kuma ana canza shi wajen kilomita 20,000, tun kafin ya tsinke a hanya.

A lokacin juyen farko bakanike ya sake bin notuna gaba ɗaya, ya daidaita birki da sarƙa, wadda ake barin ta da sassaucin kamar santimita biyu zuwa uku. Iskar taya a duba ta kowane mako da geji, da safe kafin taya ta yi zafi, domin mai faci yakan cika ta ne da ƙiyasin babban yatsa. Matatar iska tana toshewa da wuri a lokacin hunturu, kuma alamarta ita ce babur ya fara shan mai yana rasa ƙarfi. Fetur kuwa a saya a gidan mai duk lokacin da ya samu, domin na bakin titi ba ka san abin da aka gauraya masa ba, kuma kafireton ƙaramin inji ba ya jure datti.

Sabon roba-roba ba shi da nauyi, mutum biyu suna iya ɗaga shi su jefa a mota, don haka makullin kai kaɗai ba ya tsare shi. A masallaci da kasuwa da asibiti ka ajiye shi wurin masu gadin babura ka karɓi kati, a gida kuma ka shigar da shi ciki ka zarga sarƙa ta cikin tayar baya zuwa wani abu da aka kafe a ƙasa. Kwafin takardun ne zai riƙa kwana a ƙarƙashin kujera, rasit na ainihi yana gida.